Akta ba ya mutuwa, sai a wannan karon

Kafin in kalli No Time to Die a watan Oktoban 2021, sai da na bi sharhin jaridun Ingila na karance. Ɗoki ne ya sa. Tun Afrilun 2020 ya kamata fim ɗin ya fito, korona ta yi ta sa ana ɗage shi, ga shi kuma shi ne na biyar kuma na ƙarshe da Daniel Craig zai fito a matsayin James Bond. Peter Bradshaw na jaridar Guardian ya ba shi taurari biyar cif. A shafin Rotten Tomatoes, sama da kashi 80 cikin ɗari na masu sharhi sun yaba.

Da yayana muka je. Shi tun zamanin kaset yake bin Bond, su Roger Moore, kuma ƙa'idarsa ba ta canzawa: a ba akta mota da agogo mai dabara, ya gama da bos, ya fito ko ƙura babu a jikin kwat ɗinsa. Farkon fim ya biya shi kuɗinsa. A garin Matera na Italiya, da aka yi wa motar Aston Martin ƙawanya ana ta yi mata ruwan harsasai, sai fitilunta suka buɗe bindigogi suka leƙo, tana juyi a tsakiyar fili tana ɓarin wuta. Yaya har da tafi. Haka wurin Kuba, inda Ana de Armas ta yi 'yan mintoci ta kusa ƙwace fim ɗin gaba ɗaya.

Wanda bai kalla ba ya tsallake nan. A ƙarshen minti 163, Bond ya tsaya a kan tsibiri makamai masu linzami suka sauka a kansa, domin an sa masa wata guba da za ta kashe masoyiyarsa Madeleine da 'yarsu in ya taɓa su. Muna fita Yaya ya ce, "Kai, wannan ne fim ɗin da ka dame ni da shi? Yaushe akta ya fara mutuwa?" Na ce, "Yaya, ai labarin ne ya kai shi can." Ko kallona bai yi ba.

A nan na gane abin da sharhi ba ya iya yi. Al'adar masu sharhi ce ba sa tona ƙarshen labari, don haka abin da ya fi raba kan masoya babu shi a rubutun da na karanta, sai dai a zagaye a ce fim ɗin yana da taɓa zuciya. Sannan mudun ma ba ɗaya ba ne. Su suna auna labarin Craig tun daga Casino Royale na 2006, mutumin da yake jin rauni yake tsufa. Irin su Yaya kuwa alƙawarin da aka ɗauka tun fim ɗin Bond na farko a 1962, cewa akta ba ya mutuwa, suke aunawa, a finafinai 25.

Ni dai mutuwar ba ta dame ni ba. Bos ɗin ne ya ba ni haushi: Rami Malek ya yi ta magana a hankali, amma har aka tashi ban ga abin da yake so da duniya ba. Kuma ban cika ɗaukar hayaniyar masoya kafin fitowar fim da muhimmanci ba. A 2005 sun yi ca a kan Craig wai gashinsa bai yi baƙi ba. Wannan karon ma sun tayar da jijiyar wuya don an ba jaruma Lashana Lynch lambar Bond ta 007, alhali a cikin fim ɗin da kanta ta nemi a mayar masa.

Yanzu sai na kalla nake karanta sharhi, ya fi daɗin gardama. A 2025 kamfanin Amazon ya karɓi ragamar Bond, an kuma ba Denis Villeneuve aikin ba da umarnin fim na gaba. Yaya ya ce ba zai sayi tikiti ba sai an faɗa masa yadda za a tayar da mamaci.