Taimako a yalwace, gaskiya da tsada

Mai buga littafinsa da kuɗin aljihunsa ba ya rasa mataimaka a ƙasar Hausa. Zai samu mai nuna masa maɗaba'ar da ba ta tsawwala kuɗi, da mai haɗa shi da gwanin zanen bango, da wadda za ta yi ta yaɗa tallar littafin a wayarta ba tare da an roƙe ta ba. Wanda ke wuyar samu shi ne mutum guda da zai karanta rubutun daga farko har ƙarshe, ya dube ka ya ce babi na huɗu bai yi ba, ga kuma dalili. Shekarun da na yi ina rubutu, ina kuma duba wa 'yan'uwa marubuta nasu kafin ya fita, sun nuna mini cewa ba kasafai mai taimakonka yake iya gaya maka gaskiyar rubutunka ba. Ba kuma don mutanenmu maƙaryata ne ba.

Magabatanmu a wannan sana'a ba su san wannan matsalar ba. Waɗanda suka shiga gasar ƙagaggun labarai ta 1933, irin su Abubakar Imam, sun tarar da Rupert East, Baturen da ya shirya gasar, a Zariya yana jiran rubutunsu da alƙalamin gyara. Daga baya hukumar adabi ta NORLA da kamfanin ɗab'i na NNPC suka ci gaba da wannan aiki: ka kai rubutu, a karanta, a karɓa ko a mayar maka. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta inda kuɗi yake. A daidai lokacin kuma yaran da shirin ilimin firamare kyauta na UPE na 1976 ya kai aji sun taso, sun iya karatun boko da Hausa, suna neman abin karantawa. Sai matasa a Kano da Kaduna suka ce to, mu buga da kanmu. Aka samu littattafai, aka samu kasuwa a Sabon Gari da bakin Bata, aka samu shagunan haya inda yarinya za ta ba da 'yan kuɗi kaɗan ta karɓi na ɗaya, gobe ta dawo ta karɓi na biyu. Kujerar edita ce kawai ba wanda ya zauna a kanta.

Ƙungiyoyin marubuta sun toshe ɓaraka da yawa. Raina Kama, wadda su Ado Ahmad Gidan Dabino da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba suka yi fice a cikinta, ta kawo dabarar da har yau muke cin moriyarta: ka sayi littafin mutum ɗaya, ka tarar da jerin littattafan sauran 'yan ƙungiya a ciki, kowa na tallata kowa. Kukan Kurciya da wasunta suka bi sahu. Ranar da wuta ta taso kuwa aka ga amfanin haɗin kan. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a Kano ƙarƙashin shirin gwamnatin jihar na A Daidaita Sahu, a 2008 kuma hukumar tace finafinai ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista da ita. Da a ce kowa shi kaɗai yake, da an bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyoyi, har da reshen Kano na ƙungiyar marubutan Najeriya, ANA, su suka tsaya.

Sai dai wanda ya saba da kare kansa daga na waje yakan kasa bambance mai jifa da mai nuni. Tun farkon shekarun 1990 da malamin jami'a Ibrahim Malumfashi ya kira rubutun nan Adabin Kasuwar Kano, aka yi shekaru ana fafatawa a jaridu, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme na kare marubutan. A ganina masu karewar sun fi gaskiya, domin littattafan nan su suka riƙe karatun Hausa a gidaje, musamman a hannun mata. Amma a cikin sukar akwai wani yanki da ba a iya musawa, wato yawancin littattafan ba wanda ya duba su kafin su shiga injin. Zafin sunan da aka laƙaba mana ya sa muka watsar da sukar gaba ɗayanta, har da wannan yankin. Daga nan muka gaji wata ɗabi'a: duk wanda ya ce rubutunki da gyara, ko dai ɗan jami'a ne mai raina mu, ko kuwa ɗan'uwa ne mai hassada.

Yabon da muke yi wa juna kuwa biki ne. Duk macen da ta taɓa aurar da 'ya ta san yadda abin yake: abin da kika kai wa wata ranar hidimarta an rubuta, ranar taki za a dawo miki da shi, har da ɗan ƙari. Na ce littafinki ya yi ma'ana, Allah Ya ƙara basira, Allah Ya ƙara kaifin alƙalami. Wata uku nawa ya fito, kin san abin da ake jira daga gare ki. Ba mai zuwa gidan biki ta ce tuwon ya yi gudaji. Kuma ba na raina wannan yabon, don akwai ranar da shi kaɗai ke hana marubuciya ajiye alƙalami, musamman wadda a gidansu ake ganin rubutun zaman banza ne. Kuskuren shi ne a ɗauke shi a matsayin hukunci kan littafin.

Da rubutu ya koma waya sai abin ya ƙara cakuɗewa. Yanzu akasari ba a jiran labari ya kammala. Ana sakin shafi yau, gobe wani, a zaurukan WhatsApp ko manhajojin karatu irin su Wattpad da ArewaBooks, marubuciya kuma ta ja kunne cewa in ba ta ga sharhi ba za ta dakata. Sharhin yakan zo, tuli guda. Amma ki zauna ki karanta shi da kyau. Wance muguwa ce, Allah Ya isa. Don Allah Anti kar ki bari ya auri wannan. Wallahi na yi kuka. Muna jiran ci gaba. Masu karatu suna hira ne a kan taurarin labarin kamar maƙwabtansu, abin daɗi ne kuma, alama ce labarin ya kama su. Sai dai ba wanda ya ce miki kin manta da yaron da kika ce an sace a shafi na goma, ko likitan da kika sa yana magana ba haka likitoci ke magana ba. Mafi muni, wannan sharhin yakan ƙwace ragamar labari. Na duba rubuce-rubuce da dama da na gane daidai inda marubuciyar ta bar abin da ta tsara ta bi son ran zaure: mugun da ya tuba ba dalili, kishiyar da aka kashe da haɗarin mota don jama'a sun gaji da ita.

Ga kuma kuɗi. Tunda aka fara littafin kuɗi, inda mai karatu ke turo 'yan ɗaruruwan naira a saka ta a zauren da ake sakin labarin, sukar littafi a fili ta zama taɓa abincin mutum. Wadda ke fama da masu fitar mata da littafi suna rabawa kyauta, ga kuɗin data, ga cajin waya a unguwar da ba wuta, in kika fito bainar jama'a kika ce labarinta ya yi jan rai ba gaira ba dalili, ba za ta ji nazari ba, asara za ta ji. Na daina ganin laifin masu jin zafin nan.

Saboda haka abin da ya fi yi mini aiki shi ne neman gaskiya tun rubutu bai fita ba, a keɓe, kuma wajen wanda ba ya jiran in rama masa. Mafi amfanin mai karanta mini ba marubuciya ba ce. Tela ce a unguwarmu, ta karanta littattafan Hausa fiye da yawancin masu rubuta su, ba ta kuma da niyyar rubuta ko ɗaya. Ba na tambayarta ko ya yi daɗi, domin amsar wannan tambayar a bakin Bahaushe guda ɗaya ce. Cewa nake, Maman yara, a ina kika ajiye kika tashi? Wa kika manta da shi har sai da ya sake fitowa? Wace magana ce kika ji ba za ta fito daga bakin mutum ba? Irin wannan tambayar tana cire wa mutum nauyin kunya. Ba ta ce rubutuna ba kyau ba, ta dai ce a nan ta tashi ta ɗora sanwa, kuma ba ta yi ɗokin dawowa ba. Ni na san abin da hakan ke nufi.

Karatu a bayyane ma yana tona abin da ido ke rufewa. Ba banza ba littattafanmu da yawa suka yi suna ta gidajen rediyo, inda ake karanta su ga mutanen da ba su taɓa riƙe su ba. Rubutun Hausa na kunne ne. In kika ba wata ta karanta miki shafi da ƙarfi, duk inda harshenta ya sarƙe ko numfashinta ya ƙare kafin jimla ta ƙare, akwai gyara a wurin. Nan ne kuma ake kama Hausar da aka gina a kan Turanci, wadda a takarda take kamar lafiya lau.

Da na koma ɓangaren mai dubawa sai na ga ɗaya fuskar. Yarinya za ta turo rubutu ta ce, Anti don Allah ki duba mini, ki faɗa mini gaskiya komai ɗacinta. Na koyi in fara tambaya, ƙanwata, yaushe za ki sake shi? In ta ce jibi, ta riga ta yi talla, mutane sun fara biya, to albarka take nema, sai in gyara mata abin da ke gyaruwa a kwana biyu in yi mata addu'a. Faɗa mata cewa ginin labarin ya karkace a wannan lokacin zalunci ne, ba abin da za ta iya yi da maganar sai rashin barci. In kuwa ta ce ba ta sa rana ba, sai mu zauna. Nakan fara da abin da ya yi kyau, ba don shafa mata zuma ba, sai don marubuci sau da yawa bai san inda ƙarfinsa yake ba, yana iya goge shi garin gyara. Sannan in ɗauki manyan matsaloli biyu ko uku kawai. Wanda aka jibga wa gyara arba'in ba ya yin ko ɗaya.

Da yawa kuma sun ɗauka gyara shi ne ƙa'idojin rubutu: raba kalmomin da aka haɗe, sa wa baƙaƙe ƙugiyarsu, gyara aya da waƙafi. Wannan wajibi ne, kuma abin takaici ne yadda waya ta lalata mana shi. Amma shi ne mai sauƙi, kowane ɗalibin Hausa mai lura zai yi miki. Mai wuyar shi ne a ce miki tauraruwarki ba ta yanke shawarar komai da kanta tun daga farko har ƙarshe, abubuwa ne kawai ke faɗo mata. Ko a ce labarin na littafi ɗaya ne, kin ja shi ya zama uku don haka kasuwa ta saba. Wannan gadon na ɗaya da na biyu da na uku tun zamanin bugun takarda muke ɗauke da shi, lokacin da rarraba labari ke sa littafi ya yi arha, kuɗin na farko kuma ya buga na biyu. Dalilin ya tafi, jan labarin ya zauna.

Masu nazari na gaske suna nan, ba a ce babu ba. A sassan Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo ɗalibai na rubuta kundaye a kan jigo da salo da zubin littattafanmu, amma kundin yakan ƙare a kan kanta, marubuciyar da aka yi nazarinta ba ta ma san an yi ba. Gasa ta ɗan rage wannan tazarar. Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 don mata, ta sa da yawa daga cikinmu sun ɗanɗani abin da ba su saba ba: ƙayyadaddun kalmomi, da alƙalan da ba sa cikin zaurenki. Na ga marubutan da suka yi suna da dogayen labarai sun sha mamakin yadda gajeren labari ya gagare su, na kuma ga waɗanda wannan mamakin ya gyara musu hannu.

A 'yar ƙungiyarmu mun gwada wani tsari. Wadda ta duba miki, ba ke za ki duba mata ba: ta farko ta karanta na ta biyu, ta biyu na ta uku, a haka har a zagayo. Talla kuwa kowa na yi wa kowa kamar da, ba a taɓa wannan ba. Muka kuma amince a riƙa ba mai dubawa wani abu, ko kuɗin kati ne, domin wadda aka biya tana jin nauyin ta kawo abin da ya fi "ya yi kyau", wadda ta biya kuma takan saurara. Tsarin bai hana ɓacin rai ba. Akwai wadda ta yi makonni ba ta ce uffan a zaure ba bayan an mayar mata da rubutunta, akwai kuma wadda ta fice gaba ɗaya ta koma inda ake yaba mata. Mu da muka rage muna nan muna yi, kuma har yanzu ba mu daidaita a kan ko za a bar mai dubawa ta ɓoye sunanta ba. Ni ina cikin masu cewa a'a, don gyaran da ba za ki iya komawa ki tambayi mai shi me take nufi ba, rabinsa ne ya iso gare ki.