Ƙaramar Motar Japan da Matsalar Juyin Sitiyari

Bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, na sayar da motar da nake hawa na sayi Daihatsu Hijet, irin ƙananan a-kori-kurar nan na Japan, domin ta riƙa kai ni shago a Sabon Gari, ta kuma ɗauko mini kaya ba tare da na nemi motar haya ba. Ta fuskar shan mai ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Injinta mai silinda uku ne, cc 660, wanda shi ne iyakar da dokar Japan ta gindaya wa wannan rukuni tun 1990, kuma da yake faɗinta bai kai mita ɗaya da rabi ba, tana ratsa lungunan cikin birnin Kano da babbar mota ba ta isa ta leƙa ba.

Abin da ya ci mini kuɗi, har yanzu kuma yake ci mini rai, shi ne juyin sitiyari. A Japan ta hannun hagu ake tuƙi, saboda haka motar da aka ƙera don kasuwarsu sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi ta hannun dama. Dole ke nan a juya sitiyarin kafin motar ta hau titi, kuma ingancin wannan aiki ya dogara ne kacokan a kan hannun da ya yi shi. Dillalin da ya sayar mini ya rantse cewa ƙwararru ne suka juya tawa, kuma daga waje babu abin zargi, domin an gyara dashbod tsaf an shafe shi da mai yana ƙyalli.

Ba a daɗe ba ta fara ja gefe guda, tayoyin gaba suna cinyewa ta ciki, sitiyarin kuma yana wasa a hannu idan na shiga gargada. Da bakanikena ya cire dashbod ɗin ya haska fitilar wayarsa, sai ya ce, "Alhaji, zo ka gani da idonka." An yanke sandar sitiyarin an haɗa ta da guntun ƙarfe, waldar ta yi ƙuraje har ta fara tsagewa, bututun birki an ƙara masa tsawo da wani siriri, wayoyin wuta kuwa an murɗe su ne kawai an naɗe da salatif. A motar da ba ta da bonet, wadda tsakanin gwiwar direba da abin da zai kara ba komai sai falle ɗaya na ƙarfe, wannan wasa ne da ran mutum. Da na tuna cewa a haka na riƙa kai yara makaranta, sai da jikina ya yi sanyi.

Sake aikin ya lashe kusan duk abin da na yi tsammanin zan rage a kuɗin mai a shekarar farko, ban da zirga-zirga a Kofar Ruwa neman kayan da za su dace. Ko bayan nan sauran ɓarnar ta ci gaba da bayyana. Da damina ta faɗi na lura cewa waifa tana share gilashin ne don direban da ke zaune a dama, ta bar kusurwar da ke gabana jiƙe, fitilun gaba kuma, da yake an saita su don titin Japan, suna kashe idon masu tahowa, su kuma suna rama mini da babbar wuta.

Sauran halayenta na saba da su. Injin a ƙarƙashin kujera yake, don haka a zafin Afrilu mutum yana ji a jikinsa. A hanyar Zariya, da ta kai kilomita 80 a sa'a sai ta fara kuka, iskar tirela kuma tana girgiza ta, shi ya sa na tsayar da ita a cikin gari. Nauyin da aka ƙayyade mata kilo 350 ne, wato buhu bakwai na shinkafa mai kilo 50, kodayake kullum ina ganin masu lafta mata ninkin wannan, alhali ba su san irin waldar da ke riƙe da sitiyarinsu ba.

Duk wanda ya tambaye ni yanzu, ina ce masa ya saya, amma ya tafi da bakaniken da shi ne zai biya shi ladan aikinsa, a kwance dashbod a gabansa, a ɗaga motar a duba rak ɗin sitiyari, wato ƙarfen da ke karkata tayoyin gaba, da bututun birki kafin a yi maganar farashi. Idan dillali ya ce kwancewar za ta ɓata masa mota, to ya bar masa kayansa ya nufi gareji na gaba.