Wasiƙa Daga Kampala: Dangogin Da Suka Riƙe Sarautar Buganda

Zuwa ga 'yan uwa masu karatu a gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne daga Kampala, birnin da Lugga ya kafa sansaninsa a kan wani tudu a shekarar 1890, shekaru goma kafin ya ɗaga tutar Ingila a Lokoja. Tsarin mulkin Yuganda ya lissafa ƙabilu fiye da sittin, daga Acholi da Langi na arewa zuwa makiyayan Karamoja da Bagisu na gindin dutsen Elgon, amma a kan Baganda, mutanen masarautar Buganda, zan tsaya, domin su ne suka fi kowace ƙabila yawa, kuma lamarin sarautarsu abin nazari ne ga wanda ya tashi a inuwar fada.

A watan Mayun 1966 sojojin Milton Obote, shugaban Yuganda na lokacin, a ƙarƙashin jagorancin Idi Amin, suka afka wa fadar sarkin Buganda da ke Mengo. Sarki Mutesa na Biyu ya tsere zuwa Landan, inda ya rasu a 1969, sannan tsarin mulkin 1967 ya soke masarautun ƙasar baki ɗaya. Sai a ranar 31 ga Yulin 1993 aka naɗa ɗansa Ronald Muwenda Mutebi a matsayin Kabaka, wato sarkin Buganda, jama'a kuwa suka karɓe shi kamar ba a taɓa yanke sarautar ba. A ganina, abin da ya riƙe karagar nan tsawon shekarun da ta zauna fayau shi ne tsarin dangogi, wanda babu dokar da ta iya taɓa shi.

Kowane ɗan Buganda yana cikin ɗaya daga dangogi hamsin da 'yan kai, yana kuma gadon nasa ta wajen uba. Kusan kowane dangi na da dabba ko tsiron da yake alamarsa, wanda 'ya'yansa ba sa ci: akwai na damisa, na giwa, na ɓauna, har da na fara. Idan watan Nuwamba ya kama, kasuwannin Kampala suka cika da soyayyiyar fara, 'yan dangin fara sai dai su kau da kai. Ba a aure a cikin dangi ɗaya ko da babu kakan da aka sani ya haɗa saurayi da budurwa, kuma tun da kowane dangi yana da sunayensa, da jin sunan mutum dattijo zai gane gidan da ya fito.

Abin da ya ɗaure dangogin da fada shi ne aiki. 'Yan dangin ɓauna ke ɗaukar Kabaka a kafaɗa ranar biki, wani dangin kuma shi ke bugun ɓawon itacen mutuba har ya zama ƙyallen da ake naɗin sarauta da shi. A al'ada, saɓanin sauran jama'a, ana jingina sarki ga dangin mahaifiyarsa, saboda haka kowane gida na iya sa ran wata rana jikansa zai hau karaga. Wannan dabara ce mai zurfi, domin sarautar da kowa ke da rabo a cikinta ba ta rasa masu tsaronta.

Masarautun Bunyoro da Tooro da Busoga su ma sun dawo, amma ta Ankole har yau tana kwance, saboda da yawa daga cikin manoman Bairu suna kallonta a matsayin kayan makiyayan Bahima. A Buganda ma ba a mayar wa Kabaka ikon mulki ba: doka ta hana shi shiga siyasar jam'iyya, kuma a watan Satumban 2009, da gwamnati ta hana shi ziyartar gundumar Kayunga, tarzomar da ta ɓarke a Kampala ta ci rayukan mutane da dama.

Wassalam.

Ɗan uwanku,
daga Kampala