Ciwon cikin da ba ya zuwa ranar Asabar

Bayan sace ɗaliban makaranta a garin Kuriga na jihar Kaduna a watan Maris na 2024, 'yata mai shekara tara ta fara kukan ciwon ciki kowace safiya. Muna cikin garin Kaduna ne, amma labarin ya shigo mana ta rediyo da bakin maƙwabta. An yi mata gwajin maleriya da taifod, ba a ga komai ba. Ranar da babu boko kuwa, garau take tashi.

Kakarta ta ce a nemo rubutu, kawunta ya ce sangarta ce, bulala za ta gyara ta. Addu'a dai ba mu fasa ba, amma na kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Likitan ya ce ba ƙarya take yi ba, fargaba kan murɗa ciki ta sa zuciya bugawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayaninsa kan barin ta a gida: tana samun sauƙi nan take, sai ƙwaƙwalwarta ta ɗauka gudun ne ya cece ta, gobe tsoron ya fi na yau. Daga baya na ji cewa wani masanin halayyar yara, Eli Lebowitz na Jami'ar Yale a Amurka, ya tsara hanyar magani a kan wannan, inda iyaye ne ke zuwa wajen likita, ba yaron ba.

Da farko ina raka ta har ƙofar aji, daga baya bakin get, sannan ta koma bin yayanta. Na daina cewa "ba komai", domin a wajenta akwai komai. Sai in ce: "Ummi, na san gabanki na faɗuwa, kuma na san za ki iya." Ta koyi fitar da numfashi a hankali kamar mai hura koko.

Dare ya fi wuya. "Mama, za su zo makarantarmu?" Tambayar ba ta ƙarewa. Ban taɓa rantse mata cewa ba abin da zai faru ba. Yaro ma ya san wannan ba a hannuna yake ba. Ina amsawa sau ɗaya da abin da na tabbatar: akwai maigadi, Baba zai zo ɗaukarku. In ta sake, sai in ce mun riga mun yi wannan maganar. Ta yi kuka, ni ma na yi a ɗaki.

Babanta ya koma sauraren labarai a mota don kada ta ji. Har yanzu duk lokacin da aka dawo hutu sai abin ya ɗan motsa, shi ya sa nake sanar da malamarta tun kafin a koma.