Daren Asabar a wani tsohon sito a Bushwick

Ƙarfe uku saura kwata na shigo gida, har yanzu kunnuwana na ƙara kamar ƙudan zuma ya yi saƙa a ciki. Barci ya ƙi zuwa, bari in rubuta.

Tun Laraba abokin aikina a shagon gyaran keke yake damuna da zancen wasan kiɗansu. Shi ne mai ganga a ƙungiyar, su huɗu ne. Na ce ya ba ni adireshi, ya kwashe da dariya, wai ba a rubuta adireshi a takardar talla, sai dai ka tambayi wanda ya sani. Bayan la'asar ya turo mini ta waya, ya ce in rufa masa asiri kada in tura wa kowa.

Na yi isha'i a masallacinmu nan Bronx a birnin New York, na hau jirgi mai lamba 4 zuwa Union Square, na canza zuwa L har tashar Morgan Avenue, wajen unguwar Bushwick a Brooklyn. Titin tsit, sai sito-sito da manyan motoci a ajiye. Ƙofar ƙarfe ce ba rubutu ba alama. Ba don wasu samari uku da ke busa taba a bakinta ba, da na wuce abina.

Wata yarinya mai koren gashi ta karɓi dala goma, ta zana mini alama a bayan hannu, ta miƙo abin toshe kunne. Na ce ba na buƙata. Kuskurena na farko ke nan. Bayan awa ɗaya sai ga ta riƙe da makirfo tana tsala ihu, ashe ita ce mawaƙiyar ƙungiya ta biyu. Mai jitar ƙungiya ta uku shi ne a bayan kanta yana sayar da giya da ruwa daga cikin kula. Ruwa na saya, bai ko ɗaga gira ba. Dandamalin kuwa katako ne da suka buga da hannunsu, tsayinsa bai kai gwiwata ba.

Kiɗan dai ban ce na gane shi ba. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. A Damagaram na tashi na ga makaɗi da ubangidansa: wani ke kiran biki, wani ke kafa rumfa, maroƙi na zuga, ana liƙi. Nan babu ubangida, babu wanda ya manna wa wani ko dala ɗaya a goshi. Makaɗan su suka kama hayar wurin, su ke gadi, su ke wanke ban ɗaki. Da aka tashi na ga an zazzage kuɗin ƙofa a kan akwatin lasifika ana ƙirgawa a gaban kowa. Kaso mafi tsoka aka ba baƙin da suka zo daga Philadelphia saboda kuɗin mai, aka ware na haya, abokina da mutanensa suka tashi da abin da bai wuce kuɗin fiza ba. Kuma murna yake.

Tsakanin wasa da wasa na zauna kusa da mai kula da sauti, dattijo mai furfura a gemu. Da ya ji wannan ne zuwana na farko, sai ya shiga lissafo mini wuraren da suka mutu, kamar tsoho na lissafa abokansa da ke maƙabarta. Death By Audio a Williamsburg, inda masu ƙera na'urorin sauya sautin jita suka mayar da wani ɓangaren sitonsu wurin wasa a 2007, aka rufe a Nuwamban 2014 lokacin da kamfanin yaɗa labarai na Vice ke shiga ginin. A shekarar nan ɗaya 285 Kent da Glasslands suka tafi. Sai Shea Stadium, wanda ya ari sunan tsohon filin wasan ƙungiyar ƙwallon baseball ta Mets, 'yan ƙungiyar kiɗa ta So So Glos na cikin waɗanda suka riƙe shi tun 2009, suna naɗar wasannin da aka yi suna sakawa a intanet kyauta, har aka rufe shi a 2017. Silent Barn ya bi baya a 2018. A cewarsa labarin ɗaya ne kullum: makaɗa su shigo unguwar da ba mai so, su raya ta, haya ta tashi, su tattara. Ya ƙara da cewa daga 1926 zuwa 2017 akwai dokar da ta hana rawa a mashaya a birnin nan sai da lasisi. A New York fa!

Ni kuwa idona na kan wayoyin lantarki da ke rataye a rufi kamar yaɗon kabewa. Na tuna gobarar Ghost Ship a Oakland, 2 ga Disamba 2016, inda mutum 36 suka mutu a irin wannan sito. Na tambaye shi ƙofa nawa ce. Bai ji haushi ba. Ya tashi ya kai ni ta bayan dandamali, ya tura wata ƙofa ta buɗe zuwa lungu, ya nuna mini tukwanen kashe gobara biyu. Ya ce tun daga gobarar nan ba su ajiye komai a gaban ƙofar, ko akwatin jita. Hankalina ya ɗan kwanta, amma sauran daren a kusa da ita na tsaya.

Ƙarfe ɗaya mutane suka watse. Ina shirin sallama mai koren gashi ta danƙa mini tsintsiya, ba ta ko tambayi sunana ba. Na share gefen hagu, abokina ya share na dama, muka sauke gangunansa zuwa motar baƙin Philadelphia da za su rage masa hanya. Jirgin L ya sa ni jiran minti ashirin. Alamar da ke hannuna ta ƙi fita da sabulu, ga asuba ta kusa.