Motar aro a garejinmu

A garejinmu da ke Kano akwai mota ɗaya da ba gyara take jira ba, ba kuma ta sayarwa ba ce. Corolla ce ƙirar 2005, ruwan toka, mai giya otomatik, rana ta cinye fentin rufinta. Ita muke bai wa wanda ya kawo motarsa sabis ko gyaran da zai sa ta kwana a hannunmu, ya ci gaba da harkokinsa har mu gama. Abokan sana'a da dama suna yi mini kallon wanda kuɗi suka yi wa yawa. Wani dattijo a cikinmu, wanda ya fara riƙe sifana tun ana harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna, ya ce mini duk wanda ya ba da aron mota ya fara tara kuɗin injin tun daga ranar.

Al'adar ba a nan aka fara ta ba. A Amurka da Ingila dilolin motoci masu tsada irin su Lexus da BMW da Mercedes ne suka shahara da ita. Ka kai motarka sabis, ka nuna lasisinka, ka sa hannu a takarda, a miƙa maka makullin wata, sau da yawa ma sabuwar fitowa, don ka ɗanɗana ka ji taka ta tsufa. Su suna da inshora mai ƙarfi da katin bankin mutum a hannu. Mu kuwa galibin motocin da ke kan titunanmu na hannu ne, 'yan Kwatano ko waɗanda aka sauke a tashar jirgin ruwan Legas. Daga ranar da dila ya ƙirga kuɗinsa shi da mai mota sun rabu, sai bakanike. To in har za a ba wani aron mota a garin nan, daga wurin irinmu za ta fito.

Abin da ya kai ni ga sayen motar benci ne. Kowane gareji yana da bencin da masu mota ke zama, kuma mai mota a zaune yana duba agogo ya fi rashin iya aiki ɓata gyara. A ɗauki motar da ta yi zafi har ta ƙone gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa. Aikin gaskiya shi ne a bar injin ya huce sarai, a kwance kansa, a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a ga ko ya karkace, domin na alminiyam ne, zafi yana murɗe shi. In ya karkace sai an kai wa masu injin gogewa sun daidaita fuskarsa. A dawo a wanke, a sa sabon gasket, a ɗaure notina bi da bi daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai awo, ba da ƙarfin damtse ba. Bayan nan a koma neman abin da ya kawo zafin tun farko: lagireto ne ya toshe, ko fanka ce ta daina tashi, ko famfon ruwa ne ya gaji. Sannan motar ta kwana, da safe a tashe ta a sanyaye a ga ko za ta yi farin hayaƙi, a buɗe a ga ko ruwa ya ragu.

Yanzu a ce mai motar yana kan benci, kuma ƙarfe biyu zai ɗauko yara a makaranta. Ba wanda zai je wurin gogewa. Za a shafa gam, a ɗaure da ka, a cire na'urar da ke daidaita zafin ruwa a jefar, a haɗa fanka kai tsaye da batir ta yi ta juyawa. Zai tafi yana sa albarka. Bayan 'yan makonni motar ta sake tafasa a hanyar Zariya, ya ce bakanike macuci ne. Wannan cire na'urar zafin ruwa da ya zama ruwan dare a garejojinmu, ni ban yarda da shi ba ko kaɗan. Injin da ba ya kai zafin da aka ƙera shi a kai mai yake sha, kuma yana saurin cinyewa. Amma na san daga ina dabarar ta samo asali, daga wannan bencin ne.

Ko juye ma, wanda ake ganin aikin awa ɗaya ne, ba kullum yake ƙarewa a awa ɗaya ba. Ka sauke baƙin mai, ka canza filta, ka kaɗe ƙurar hunturu daga matatar iska, sai ka leƙa ƙasa ka tarar robar shaf ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga. Yaro zai tafi Ƙofar Ruwa. Can zai tarar da kaya iri uku: sabo na asali, da Beljiyam wanda aka ciro daga motar waje, da jabu a cikin kwali mai kyau. Wanda yake sauri, abin da ya fara samu shi zai ɗauko. In motar ba ta gama-gari ba ce, sai an buga waya Ladipo a Legas an sa kayan a motar dare, ka ga kwana biyu sun tafi. A garin da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja tun 2013, mutumin da ke da yara a makarantu biyu da shago a Kantin Kwari ba zai yi kwana biyu yana tsaron Adaidaita Sahu ba. Gara ya ce a ɗaure masa haka nan ya tafi.

Akwai kuma dalili na biyu da ke zaunar da mutane, wanda ba sa faɗa a gabanmu. Tsoro suke ji. An sha zuƙe wa mutane mai a gareji, an sha musanya musu batir, an sha fasa salansa a kwashe abin tace hayaƙin nan da ake kira indomi a sayar, mai mota bai sani ba sai ya ji ƙara ta canza. Ba zan ce ƙarya ake mana ba, akwai masu yi. Amma na lura da zarar na miƙa wa mutum makullin motata sai jikinsa ya yi sanyi. Tasa tana hannuna, tawa tana hannunsa. Ko da tasa ta ninka tawa kuɗi, ya ga na fara yarda da shi kafin in nemi ya yarda da ni.

Da gangan na zaɓi Corolla. Kayanta ba inda babu, injinta sarƙa gare shi ba bel ba, kuma ba ta shan mai. Otomatik na saya domin yawancin masu tuƙin yanzu ba su san kuloci ba, a kwana ɗaya za su ƙone shi a cunkoson Kurna. Fentin kuwa na ƙi sabunta shi. Motar aro in ta cika kyau ba a son dawo da ita, kuma ita ake ɗauka a je ɗaurin aure. Abin da ba na wasa da shi birki ne da taya da na'urar sanyi, don wanda ya bar mota mai sanyi a watan Afrilu ka ba shi tanda, ba taimakonsa ka yi ba.

Kafin kowa ya fita da ita sai mun zagaya ta tare, yaro yana ɗaukar bidiyo da waya: bamba, fitilu, madubai, safaya, jak, da inda allurar mai take. Ina ganin lasisinsa da idona. Takardar shafi ɗaya ce da Hausa, sharuɗɗanta kaɗan: shi kaɗai zai tuƙa, ba za a fita da ita bayan gari ba sai da sanina, kuma mai ya dawo inda aka same shi. A nan ake samun cikas da manya. Wani Alhaji da muka daɗe tare, sa'an mahaifina ne, ya kalli takardar ya kalle ni.

"Haba ɗana, ni za ka ba takarda? Tun kana yaron gareji nake kawo mota."

"Ranka ya daɗe, ba don kai aka yi ta ba. In na ɗauke maka, gobe wanda ban sani ba zai ce me ya sa shi."

"To ai ni ba ma ni zan tuƙa ba, direba ne."

"Shi ke nan Baba, a kira shi mu ga lasisinsa, a rubuta sunansa."

Ya yi dariya ya ce 'yan zamani, ya sa hannu. Da ban kawo takardar ba, da ban san direba ne zai riƙe motar ba. Yawancin ɓarnar da ta taɓa samun motar nan ba daga hannun wanda na ba ta zo ba. Daga ɗansa ne da aka ce ya je ya sayo burodi, ko ƙanin matarsa da ke koyon tuƙi a filin makaranta. Shi ya sa a makon Sallah ba ta fita ko nan da can, ina cire batir ɗin ma in ajiye a ofis. Na san abin da samari ke yi da motar da ba tasu ba in an fito biki.

Maganar wa zai biya in an yi ɓarna, na kai ta gaban malaminmu na unguwa tun farko. Ya nuna mini cewa a fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, mai aro yana biyan abin da ake iya ɓoyewa in ya ce ya ɓata, amma abin da ba ya ɓoyuwa kamar dabbar hawa ba ya biya sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. A kan haka na tsara nawa. In injin ya lalace a hannun mutum yana tafiyarsa daidai, nawa ne. In wani ya buge shi daga baya yana tsaye a danja, ba ruwansa. Amma in na ce kada a fita gari aka kira ni daga Haɗeja cewa mota ta faɗa rami, an ƙetare iyaka. Haka safaya da jak da rediyo, wanda ya fita da su shi zai dawo da su. An taɓa dawo mini da safaya wadda ba tawa ba, ta sha faci har ba wurin sa wani. Bidiyon ne ya raba gardama, mutumin ya koma gida ya tarar ɗansa ne ya yi musanyar.

Inshora kuma ba ta ɗauke mini komai a nan. Wadda doka ta wajabta, ta ɓarnar da ka yi wa wani, ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, tana biyan dukiyar wani har naira miliyan 3, amma ko madubin motarka ba ta biya. Ita nake yi, kuma a kamfani na gaske, ba takardar bakin titi ba, domin ba na son KAROTA ko jami'an kiyaye haɗurra su tsare baƙona a hanya saboda takarduna. Kwafin komai yana cikin aljihun gaban mota. Sauran asara daga aljihuna take fita, ina lissafa ta kamar kuɗin haya da na janareta.

Da can ba na maganar mai da kowa, kunya nake ji. Cire tallafi ne a ƙarshen Mayun 2023 ya cire mini kunyar. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A wannan farashi ba mai garejin da zai iya cika tanki wasu su yi ta ƙonawa. Yanzu a rabi nake ba da ita, a rabi nake karɓa. Abin mamaki mata sun fi kiyaye wannan. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ke kawo mana mota sukan dawo da ita a wanke, allura ta ɗan haura inda take. Mai babbar riga ne zai shigo da ita fitilar mai tana kunne, ya ce bai lura ba.

Ba kowa nake ba wa ba. Wanda ya zo yau ya fara, sai wani da na sani ya tsaya masa. Wanda aikinsa na awa biyu ne, ga benci ga shayi. Kuma mota ɗaya ce, saboda haka masu babban aiki sukan kira tun kafin su zo su ji ranar da take nan, abin da ya sa aikin garejin kansa ya daidaita, manyan ayyuka suka daina haɗuwa a rana ɗaya.

Matsalar da ban gama maganinta ba ita ce, motar da ta cire mini gaggawa ta cire wa mai mota ma. Da, mutum shi ke damuna da waya yana tambaya an gama? Yanzu ni ke kira, a ce mini Alhaji yana taro, ko an yi tafiya, ko sai albashi ya shigo. Yana da abin hawa, me zai sa ya yi saurin zuwa biyan kuɗi? Tasa tana nan ta tare mini wuri, wani kuma yana jiran Corolla. Don haka na ƙara layi biyu a takardar. Kuɗin kaya ana biya kafin a kwance noti ɗaya. In kuma na kira na ce an gama, aro ya ƙare da magaribar washegari, daga nan ta zama haya, ana lissafi kullum a kan farashin masu ba da hayar mota. Har yanzu ban karɓi kuɗin hayar a hannun kowa ba, amma tun da aka rubuta layin, masu taro suna fitowa da wuri.