Wai tarihi ake ci?

Tambayar da wani yayana ya jefo min kenan a taron ƙungiyar cigaban garinmu washegarin sallah, kowa ya kwashe da dariya har da ni, amma wallahi abin ya tsaya min a rai. Ni fa abin da na ce kawai, cikin kuɗin da 'yan garinmu mazauna Kano da Legas suke turowa a ɗan ware wani abu ko yaya ne, a sayi waya da memori a sa yara biyu su riƙa bi gida gida suna naɗar hirar tsofaffi. Ban ce a fasa gyaran tuƙa-tuƙa ba, ni ma ruwan nake sha.

Bara da damina ɗakin marigayi kakanmu ya zube, muna tsamo kaya muka ci karo da gafakarsa cike da takardun ajami, gara ta cinye fiye da rabi, kana ɗaga warƙa tana zubewa kamar dusa. 'Yan waɗanda suka tsira na kai wa liman ya duba, ashe sunayen masu garinmu ne a jere tun daga na farko, da shekarun da aka yi yunwa da waɗanda aka yi fara. Muna kwana muna tashi da ita a gida ɗaya ba wanda ya taɓa kwance igiyar.

Ga Birnin Kudu nan kusa da mu, zanen shanu a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude, gwamnatin tarayya ta daɗe da sa su cikin kayan tarihin ƙasa, amma da na tambayi 'yan ajina wa ya taɓa gani yaro ɗaya ne ya ɗaga hannu, shi ma ziyara ce ta kai shi gidan gwaggonsa. Kuɗin mota ɗaya ne fa zai kai su ya dawo da su. Yaƙin Haɗeja da Turawa na 1906 da Sarki Muhammadu ya yi shahada kuwa ko labarinsa ba su taɓa ji ba.

Kano na da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, madalla, amma duk a birni suke, mu na ƙauye sai dai mu ji a rediyo. Jigawa ƙananan hukumomi 27, da kowacce za ta ware ɗaki ɗaya na karatu da ajiyar irin waɗannan takardu da albashin mutum ɗaya mai kula ai ba asusun da zai girgiza, sai dai ɗan siyasa ya fi son abin da zai tsaya a gabansa a ɗauke shi hoto, kwalbati ko rumfar kasuwa.

A ƙarshe dai taro ya watse ba a ware ko sisi ba. Kawu ne ya kira ni gefe ya ba ni tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi. Jiya na fara da Iya ta bayan masallaci, ita kaɗai ta rage mai waƙoƙin niƙa, ta ce ɗan nan sai ka kawo goro tukuna. Na kai biyu, ta yi min uku ta ce sauran sai ranar kasuwa.